Zoben da mai shi ba ya son cirewa: fashin baƙi kan la'anannen zoben boka a wasan Dungeons & Dragons

Mutum biyar ne zagaye da teburi, kowa da takardarsa da fensir. A tsakiya ga ƙwayoyin jifa irin na ludo, sai dai wata fuska takwas gare ta, wata goma sha biyu, babbar cikinsu ashirin. Ɗaya daga cikin mutanen shi ne jagora, shi ke faɗin abin da ke cikin duniyar labarin. Sauran huɗun kowa na riƙe da jarumi guda, yana faɗin abin da jaruminsa zai yi, ƙwaya kuma ta yanke ko ya dace ko bai dace ba. Jagora ya ce sun tarar da ƙwarangwal a ƙasan wani kango, a yatsansa akwai zoben baƙin ƙarfe wanda ko ɗigon tsatsa babu a jikinsa. Kafin ya rufe baki, mai riƙe da boka ya ce, "Nawa ne."

Babu wanda bai san zoben nan ba alheri ba ne, har shi mai cewa nasa ne. To me ya sa shi ne ya riga kowa miƙa hannu? Amsar tana cikin lissafin wasan, kuma jagoran da bai fahimci lissafin ba zai ƙera zoben da za a jefar kafin a tashi daga zaman.

Wasan ya fito a 1974 a Amurka, daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin. Kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997, kuma bugun da aka fi bugawa a yau shi ne na biyar, wanda ya fito a 2014 aka yi masa kwaskwarima a 2024. Tatsuniya ce da ake tsara ta tare, ƙwaya na raba gardama. Sihirin da ke ciki lambobi ne a kan takarda. Duk da haka a shekarun 1980 an yi ta cece-kuce a Amurka kan cewa wasan na koya wa yara bautar shaiɗan, har kamfanin ya cire shaiɗanun da ke littattafansa a bugun 1989, daga baya ya dawo da su da wasu sunaye. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san cewa ɗar-ɗar ɗin da zai iya ji ba shi ya fara jin sa ba.

Jarumin da muke magana a kansa sunansa walok, ni kuma zan riƙa ce masa boka, domin shi ne mafi kusa. A wasan akwai mai sihirin da ya samu nasa ta hanyar karatu, akwai wanda aka haifa da shi a jini. Boka shi yarjejeniya ya ƙulla da wani abu mai ƙarfi, ubangidansa, aka ba shi iko bisa sharaɗi. Littafin 'yan wasa na 2014 ya kawo iyayengiji iri uku: wani babba daga sarakunan mutanen ɓoye, ko wani shaiɗani, ko wani tsohon abu daga can bayan taurari wanda hankalin ɗan Adam ba ya iya kama shi. Daga baya an ƙara wasu. A 2020 aka shigo da aljani a matsayin ubangida, da rassa huɗu, ciki har da ifritu da maridi, sunayen da aka aro daga Larabci waɗanda kunnen Bahaushe ya saba da su. Shi wannan aljanin yakan ba yaronsa wani ɗan mazubi, ko fitila ko kwalba ko zobe mai ɗan ɗaki a ciki, wanda boka zai iya shigewa ya ɓuya na wasu sa'o'i. Wani abin dariya kuma, kalmar walok ta samo asali ne daga tsohon Ingilishi, inda take nufin mai karya alƙawari. Mutumin da duk arzikinsa alƙawari ne, ga sunan da aka laƙaba masa.

Yanzu ga lissafin. Kowane mai sihiri yana da abin da za mu kira gurabe: duk babban tsafin da ya jefa sai ya cinye gurbi ɗaya, in sun ƙare sai ya huta. Jarumi yana ƙara ƙarfi ne mataki-mataki yayin da labari ke tafiya. Mai sihirin karatu a mataki na 5 yana da gurabe 9. A mataki na 10 yana da 15. Boka fa? A mataki na 1 gurbi ɗaya gare shi. Daga mataki na 2 har zuwa na 10, biyu kacal. Sai a mataki na 11 yake samun na uku, na huɗu kuma sai a 17. Yawancin labaran da ake bugawa ba sa ma kaiwa can, saboda haka boka kusan duk rayuwarsa da harsashi biyu yake fita farauta.

An rama masa ta hanyoyi biyu. Guraben nasa duka manya ne, kullum a ƙololuwar ƙarfin da matakinsa ya kai. Sannan suna dawowa bayan gajeren hutu na sa'a ɗaya, alhali mai karatu galibin nasa sai ya yi dogon hutu na sa'a takwas. Littafin jagora na 2014 ya ƙiyasta cewa tawaga za ta yi arangama shida zuwa takwas a yini, da gajeren hutu kamar sau biyu. In haka ta kasance, boka ya jefa manyan tsafi shida a yini, ba a cuce shi ba. Amma a teburi da yawa ba haka ake yi ba. Faɗa ɗaya babba ake yi, ko biyu, a koma masauki a kwana. Ko kuma ana bin sawun ɓarayin da suka sace gimbiya, wa zai yarda a zauna sa'a guda a ƙarƙashin bishiya don boka ya farfaɗo? Sai ka ga ya jefa tsinuwarsa a kan maƙiyi, gurbi ɗaya ya tafi. Ya tare tsafin wani matsafi, na biyu ya tafi. Daga nan sai ya koma kan ƙaramin harbinsa na gaibu wanda ba ya cin gurbi. Harbin ba laifi, a mataki na 5 kibiya biyu ce, in duka suka samu sukan cire wa maƙiyi kimanin maki 19 daga makin ransa ga bokan da ya ƙware a kai. Sai dai abu ɗaya ne yake ta maimaitawa, yana kallon abokinsa mai karatu na ta fito da launi-launi. Su kansu masu tsara wasan da alama sun ga matsalar, domin a kwaskwarimar 2024 sun ba boka wani ɗan sirri na minti ɗaya da zai dawo masa da rabin gurabensa sau ɗaya tsakanin dogon hutu da dogon hutu.

Wannan yunwar ita ta sa ya ce "nawa ne". Kuma jaruminsa ya riga ya saba. Wanda ya taɓa sayar da wani abu nasa don ya samu iko, ciniki na biyu ba ya ba shi tsoro.

Sai mu duba abin da doka ta ce game da la'ana, don a nan ramin yake. Da yawa daga cikin manyan kayan tsafi ba sa aiki sai mutum ya ƙulla kansa da su, ƙullin kuma yana cin gajeren hutu guda, sannan ba a ƙulla fiye da abu uku a lokaci ɗaya. Kayan da ke da la'ana ba sa nuna kansu: littafin jagora ya ce galibin hanyoyin tantance kaya, har da tsafin da aka yi musamman don tantancewa, ba sa tona la'anar. Sai an ƙulla take bayyana, kuma daga nan mutum ba ya iya kwance ƙullin don ganin damarsa. Da jin wannan sai ka ce an gama da shi.

Ba a gama ba. Akwai tsafin cire la'ana, mai daraja ta uku, wanda ake iya samu tun daga mataki na 5. In aka yi shi a kan la'anannen kaya, la'anar tana nan a jikin kayan, amma ƙullin ya kwance, mai shi ya cire ya yar. Kuma wannan tsafi yana cikin jerin waɗanda shi kansa boka zai iya koya. Ke nan jagora ya kwana uku yana tsara zoben da zai liƙe a yatsa, boka ya kashe gurbi ɗaya ya zare shi, ya jingina da bango na sa'a guda gurbin ya dawo. Ko shi bai koya ba, abokinsa mai addu'a, jarumin da sihirinsa ke zuwa ta hanyar ibada, zai yi masa gobe da safe. Duk la'anar da ƙarfinta bai wuce "ba ya fita" ba, farashinta sa'a ɗaya ce ta hutu.

Tsofaffin bugu sun fi son irin wannan tarkon. Littafin jagora na 1979 yana da zoben gardama, wanda ke sa mai shi ya ƙi yarda da duk abin da aka faɗa. Da zoben ruɗu, wanda ke sa mutum ya gaskata cewa wani zoben kirki ne ya samu. Da zoben rauni mai tsotse ƙarfi. A bugu na uku akwai zoben shirme, wanda ke yin aikin zoben da ke hana mutum karyewa in ya faɗo daga sama, amma yana rage masa zafin nama da maki 4. Waɗannan duk wasa ne da hankalin ɗan wasa: ka yi gaggawa, ga sakamakonka. Suna ba da dariya na dare ɗaya. A zamanin da jarumi kan mutu a mako na biyu a sake wani, ba laifi. Yau mutum yakan yi shekara yana raya jarumi ɗaya, ya rubuta masa tarihi shafi uku, irin wannan barkwancin ba ya ƙosar da shi.

Tsohon labarin mutanen arewacin Turai ya fi littattafan wasan gane abin. A cikin labaran da aka rubuta a Aisland a ƙarni na 13, Loki, ɗaya daga cikin gumakansu, ya ƙwace dukiyar wani wada mai suna Andvari har da zobensa na ƙarshe, wadan ya tsine wa zoben. Dukiyar ta koma hannun mahaifin wani mai suna Fafnir, Fafnir ya kashe mahaifin nasa a kanta, ya rikiɗe ya zama dodo yana kwance a kanta, jarumi Sigurd ya zo ya kashe shi ya ɗauka, shi ma bai wanye lafiya ba. Duba da kyau: a duk labarin babu wanda zoben ya liƙe wa. Kowa da ƙafarsa ya je, kowa da hannunsa ya riƙe.

Abin da nake gani ke nan game da zoben boka: la'anar da za ta yi aiki ita ce wadda ɗan wasan, mutumin da ke zaune a kan kujera, zai san da ita sarai kuma ya ƙi cirewa. Don haka sai an fara auna daɗin kafin ɗacin. Ma'aunin yana nan a littafi. Akwai wata sanda da aka yi don boka kaɗai, tana ƙara masa 1 zuwa 3 a kan ƙarfin tsafinsa, tana kuma dawo masa da gurbi ɗaya tsakanin dogon hutu da dogon hutu, ba tare da ya biya komai ba. Duk zoben da bai fi wannan sanda bayarwa ba, babu dalilin da zai sa a jure masa.

Bari in ƙera ɗaya a gabanku, in kira shi zoben bashi. Duk lokacin da guraben boka suka ƙare, zai iya murza zoben a tsakiyar faɗa, gurbi ɗaya ya dawo nan take, kuma babu iyaka a yini. Amma kowace murzawa ana rubuta masa bashi ɗaya, bashin kuma ba ya gogewa da barci. Kowane dare, in ya kwanta dogon hutu, sai ya jefa ƙwaya mai fuska ashirin a gaban kowa. In lambar da ta fito ta yi daidai da yawan bashinsa ko ƙasa da haka, ainihin mai zoben ya zo karɓa.

Daren farko da bashi ɗaya, hatsarin kashi 5 ne cikin 100. Wa zai ji tsoron wannan? A ce yana murzawa sau ɗaya kowace rana. Dare na biyu kashi 10, na uku 15. In ka haɗa dararen uku, yiwuwar an riga an zo masa ta kai kusan kashi 27. Zuwa dare na biyar ta haura 56. Shi kuwa a ransa kullum ƙwayar daren yau kaɗai yake gani, yana cewa ai huɗu cikin biyar lafiya zan kwana. Nan daɗin abin yake. Jagora bai ɓoye masa komai ba, lambobin na rubuce a takardarsa, abokansa na kallo suna cewa kar ka murza, shi kuma yana ganin matsafin can zai ƙone su duka in bai tare shi ba. Cin bashi da daɗi. Kuma wani lokacin murzawar ita ce daidai, wanda shi ya sa zaɓin ya zama zaɓi na gaske.

Akwai masu sa farashin ya zama jini, wato kowace murzawa ta cire makin rai. Ba na son wannan sosai, domin mai addu'a zai warkar da shi, sai ya zama wani ne ya biya. Akwai masu sa gajiya. A dokar 2014 gajiya mataki shida ce: na biyu ya raba saurin mutum biyu, na huɗu ya raba makin ransa biyu, na shida mutuwa, dogon hutu kuma mataki ɗaya kawai yake saukewa. Wannan ya yi tsada har ba mai murzawa fiye da sau ɗaya, zoben ya koma ado.

Tambayar da ta fi lissafi muhimmanci ita ce: na wane ne zoben? In na ubangidan boka ne, labarin bai ƙaru da komai ba, bashi ne a kan bashi wurin mutum ɗaya. In ruhin wanda ya riga shi sawa ne ke ciki, ana samun abokin hira mai ba da muguwar shawara, ba laifi. Amma wanda ya fi armashi shi ne zoben ya zama na abokin gabar ubangidansa. Boka yana yi wa shaiɗani aiki, zoben kuma na wata sarauniyar mutanen ɓoye ne da suka daɗe suna takun saƙa da shi. Kowace murzawa cin tuwon gidan kishiya ce. Ubangida zai fara jin ƙanshin wani a jikin tsafin yaronsa. Wutar harbinsa da ta saba fitowa ja ta fara yin kore, ɗan aiken da aka ba shi ya daina kallonsa ido da ido. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ranar da sarauniyar ta zo karɓar bashinta, abin da za ta nema zai kasance abin da ubangidan ya hana. Littafin bai kafa dokar da ke cewa ubangida zai iya ƙwace ikon da ya bayar ba, ya bar wa jagora da ɗan wasa su daidaita dangantakar. Gara ma haka. Ubangidan da ke aiko da saƙo cikin mafarki yana tambaya a hankali "ina ka samo wannan?" ya fi wanda ke kashe wuta ban tsoro.

Wasu jagororin sukan sa zoben ya zama mai rai da son zuciyarsa, yana ƙoƙarin mallake mai shi. Doka ta tanadi haka: in suka saɓa, mai kayan zai yi jifan tsira, wato ya jefa ƙwaya don ya kuɓuta, da makin kwarjininsa, a kan lamba 12 da ƙarin kwarjinin kayan, in ya faɗi, kayan ya juya shi na sa'a 1 zuwa 12. Sai dai an manta da wa ake yi. Kwarjini shi ne jarin boka, kuma yana da ƙwarewa a wannan jifan. Zobe mai kwarjini 16 ƙarinsa 3 ne, ke nan yana buƙatar 15. Boka a mataki na 5 mai kwarjini 18 yana ƙara 7 a kan abin da ya jefa, ke nan 8 ta ishe shi, sau 65 cikin 100 zai tsira. Mayaƙi mai matsakaicin kwarjini sau 30 kawai. Bokan da ubangidansa shaiɗani ne ma daga mataki na 6 yana da sa'ar da zai ƙara ƙwaya mai fuska goma a kan jifansa. Boka na cikin waɗanda suka fi wuyar tanƙwarawa da ƙarfi a teburin, sai dai a lallaɓa shi.

Ko da ma an yi nasarar mallake shi, me aka samu? Mutum ya baro gidansa ya zo wasa na sa'a huɗu, an karɓe jaruminsa, yana zaune yana latsa waya. Akwai wani gatari a bugu na biyar da ke sa mai shi ya haukace in aka ji masa rauni, ya far wa duk wanda ya fi kusa da shi, ko abokinsa ne. Sau ɗaya abin labari ne. Sau uku, sauran 'yan wasan za su fara tambayar me ya sa su ke biyan kuɗin zaɓin da ba su yi ba, kuma da gaskiyarsu. In har bashin zai taɓa wasu, to ya taɓa mutanen cikin labarin da tawagar ta shaƙu da su, mai masaukin da ke ajiye musu ɗaki, ko ƙanwar bokan da ya ambata a shafi na biyu na tarihinsa yana zaton ba wanda ya karanta. Kuma a yi magana da ɗan wasan tun kafin zoben ya bayyana, ba sai an faɗa masa sirrin ba, a tambaye shi kawai ko yana son labarin jaruminsa ya bi ta cikin duhu.

Saura batun tsafin cire la'ana, wanda dole wata rana wani zai jefa shi. A bar shi ya yi aiki. Hana shi aiki zalunci ne ga wanda ya kashe zaɓinsa ya koye shi. Zoben zai zame daga yatsa kamar an shafa masa man shanu. Amma bashin ba la'ana ba ce, ciniki ne da boka ya yi da bakinsa sau bakwai, tsafin bai san da shi ba. Lambar 7 tana nan a kusurwar takardarsa, daren yau ma zai jefa ƙwaya, kashi 35 cikin 100. Abokansa za su ce a jefa zoben a rijiya. Shi zai ce a'a, kar wani yaro ya tsinta, gara ya ajiye shi a ƙasan jaka cikin tsumma inda ba zai cutar da kowa ba. Jagora ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu a bayan allonsa, sannan ya ce gari ya waye, kuma daga kan tudu ana hango ƙurar dawaki kamar talatin.